Al'adata tana zuwa kafin lokacinta, wata uku ke nan a jere

Maman Sadiq ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa mata da ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure, ina neman a ƙara mini haske a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni. Shekarata 39, 'ya'yana huɗu, kuma na yaye autana kusan shekara biyu da suka wuce. A yadda na san jikina, daga ranar da na fara ganin jini zuwa ranar da zan sake ganinsa kwana 28 ne ko 29, har nakan san ranar da zan fara fashin salla tun ba ta zo ba. Jinin yakan yi kwana shida ya ɗauke.

Wata uku da suka wuce sai lissafin ya fara sauyawa. Na farko al'adar ta zo mini bayan kwana 25, ta biyu bayan kwana 23, ban damu ba, na ce wataƙila gajiya ce, domin a lokacin ina jinyar mahaifiyata. To, a wannan watan na fara ranar 3, na yi wanka ranar 8, sai ga jini ya dawo ranar 20, wato kwana 17 kacal tsakani. Wannan na ƙarshen bai yi kama da wanda na saba ba: bai da yawa, launinsa ya yi duhu kamar ƙasa-ƙasa, kuma yau kwanansa biyu bai ƙaru ba bai kuma tsaya ba. Marata tana ɗan yi mini nauyi, amma ba ciwon da zai kwantar da mutum ba ne.

Maƙwabciyata ta ce sanyi ne, ta ba ni sunan wasu ƙwayoyi na saya a kemis. Yayata kuma ta ce shekaru ne, al'adar ce take shirin ɗaukewa, ni kuwa ina ganin ban kai nan ba. Ban sha komai ba tukuna. Ina so na san abubuwan da a likitance suke sa al'ada ta riga lokacinta, da kuma wanda a cikinsu yake da haɗari. Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Sista Ungozoma ta amsa:

Wa alaikumus salam, Maman Sadiq. Allah Ya ba Mama lafiya. Kin kyauta da kika zo da ranaku, domin yawancin matan da nake gani a ɗakin awo cewa kawai suke yi "sau biyu na yi a wata ɗaya," kuma idan aka zauna aka lissafa sai a tarar babu wata matsala. Matar da zagayenta kwana 26 ne, idan ta fara ranar 2 ga wata, dole ta sake gani ranar 28 ga wannan watan, kuma lafiyarta ƙalau. Ana ƙirgawa ne daga ranar farko ta jini zuwa ranar farko ta jini na gaba, ba daga ranar wanka ba, kuma ke haka kika ƙirga.

Abin da aka daɗe ana koyarwa shi ne zagayen da ya faɗa tsakanin kwana 21 da 35 daidai ne ga babbar mace. Ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, a ma'auninta na 2018 ta sa kwana 24 zuwa 38, ta kuma ce bambancin kwana bakwai zuwa tara tsakanin zagaye mafi gajarta da mafi tsawo bai fita daga tsari ba. Saboda haka kwana 25 ɗinki ba abin damuwa ba ne, kwana 23 kuma yana bakin iyaka. Na kwana 17 shi ne ya sa na tsaya rubuta miki, kuma ina shakkar cewa al'ada ce.

Bari na bayyana dalilina. Zagayen mace kashi biyu ne, kuma fitar ƙwai ce ta raba su. A kashi na farko ƙwaƙwalwa tana aika wani sinadari da ake kira FSH zuwa ma'ajiyar ƙwai domin ƙwai ya nuna, shi kuma sinadarin estrojin yana kaurara shimfiɗar cikin mahaifa. Idan ƙwai ya fita, gurbin da ya bari yana samar da furojestaron, wanda yake riƙe wannan shimfiɗa kimanin mako biyu. In ba a samu ciki ba, furojestaron ya sauka, shimfiɗar ta zube, wannan ita ce al'ada. Kashi na biyun nan ba ya cika sauyawa, kwanakinsa kusan 12 zuwa 14 ne ga yawancin mata. Na farkon ne yake tsawo ko ya gajarta. Don haka idan al'ada ta gaskiya ta zo da wuri, galibi ƙwai ne ya fita da wuri.

A nan maganar yayarki take da ƙamshin gaskiya, ko da yake ta yi gaggawa. Ɗaukewar al'ada gaba ɗaya takan zo ne tsakanin shekara 45 da 55, amma shekaru kafin nan, tun daga ƙarshen shekarun talatin, yawan ƙwan da ya rage yana raguwa, ƙwaƙwalwa ta ƙara yawan FSH, ƙwai ya riƙa nuna da sauri, sai zagayen da yake kwana 28 ya koma 25 ko 24. Wannan ba cuta ba ce, kuma ba ya nufin haihuwa ta tsaya, mata da yawa a wannan gaɓar ne ciki yake shigarsu ba su shirya ba. Tashin hankali da rashin barci irin na jinya, zazzaɓi mai zafi, rama ko ƙiba ta farat ɗaya, duk suna iya taɓa saƙon da ƙwaƙwalwa take aikawa, wani lokaci su jinkirta al'ada, wani lokaci kuma ƙwai ya ƙi fita sam, shimfiɗar mahaifa ta zube ba a kan ƙa'ida ba.

Amma jini kaɗan mai duhu bayan kwana 17, ga matar aure, ba a fara ɗora shi a kan shekaru ko gajiya sai an tabbatar babu ciki. Ki sayi tsinken gwajin ciki ki gwada da fitsarin farko na safe. Sannan ki amsa mini waɗannan: kina amfani da wata hanyar tazarar haihuwa, ko kin daina kwanan nan? Kin sha wani magani a cikin watan nan, ko na asibiti ko na gargajiya? Kina ganin jini bayan saduwa da maigida? Ƙwayoyin da maƙwabciyarki ta rubuta miki kuwa, don Allah ki dakata da su.

Uwar Biyu ta amsa:

'Yar'uwa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa zan faɗa miki abin da ya same ni, ba don na tsorata ki ba. Shekara huɗu da suka wuce na ga jini kwana biyar kafin lokacina, ɗan kaɗan, baƙi-baƙi, yana zuwa yana ɗaukewa. Ban kawo ciki a raina ba, tunda a ganina wadda take ganin jini ai ba ta da ciki. Na je wani kemis a unguwarmu, mai shagon bai tambaye ni komai ba ya haɗa mini maganin sanyi na kwana biyar. Ɗigon bai tsaya ba har kusan mako uku, sai gefen marata na dama ya fara suka. Wata rana da asuba na tashi zan yi alwala jiri ya ɗebe ni na faɗi, kafaɗata tana ciwo kamar an doke ni, abin da har yau nake mamakin alaƙarsa da mara, sai daga baya likita ya ce jinin da ya taru a cikina ne yake taɓa wata jijiya.

Ashe ciki ne ya tsaya a bututun da ƙwai yake bi, bai ƙarasa mahaifa ba, ya girma har bututun ya fashe. An yi mini tiyata a ranar, aka cire bututun, aka ƙara mini jini leda biyu. Alhamdu lillahi, da ɗayan bututun na haifi tagwayena. Likitan ya gaya mini cewa a cikin kowane ciki ɗari, ɗaya ko biyu a wajen mahaifa suke tsayawa, kuma da na yi gwajin fitsari tun makon farko, da hoton ciki ya nuna shi kafin ya fashe. Idan kika ji ciwo ya tsaya a gefe ɗaya, ko jiri, ko ciwon kafaɗa, ko gumi mai sanyi, kada ki jira gari ya waye, kada kuma ki jira amsar kowa a nan.

Maman Sadiq ta sake rubutawa:

Sannu Uwar Biyu, Allah Ya raya tagwaye, Ya sa kaffara ne. Sista, na gode ƙwarai. Na yi gwajin yau da safe, layi ɗaya ya fito. Game da tambayoyinki, na sa ashanar hannu, Implanon, bayan haihuwar autana, ta cika shekara uku aka cire ta wata bakwai da suka wuce, kuma ban koma an sa wata ba saboda jinyar Mama. Lokacin da take jikina al'adar ba ta da tsari, amma bayan an cire ta koma kwana 28 kafin wannan sauyin. Akwai abin da na ji nauyin faɗa da farko: ranar 14 ga wata na sha Postinor-2, ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, domin maigida ya dawo daga tafiya ranar 13 kuma ba mu shirya wani cikin yanzu ba. Ba na ganin jini bayan saduwa. Sai dai na lura ina saurin gajiya, kuma al'adar watannin baya ta fi yawa, har da gudaji.

Likita Abu Maryam ya amsa:

Hajiya, babu abin jin nauyi a nan, kuma wannan bayanin da kika ƙara shi ne ya fi komai amfani. Postinor-2 yana ɗauke da sinadarin lebonojestirel, miligiram 1.5 idan aka haɗa ƙwayoyinsa biyu, wanda ɗan'uwan furojestaron ne, kuma aikinsa shi ne ya hana ƙwai fita ko ya jinkirta shi. Idan mace ta sha shi kafin ƙwai ya fita, kamar yadda mai yiwuwa ya faru da ke da kika sha a rana ta 12 ta zagayenki, sinadarin yakan hau da yawa a jini sannan ya sauka cikin 'yan kwanaki, mahaifa kuma ta ɗauki saukar a matsayin alamar zubar da shimfiɗarta. Jini kaɗan kwana shida bayan shan ƙwayar ya dace da wannan sosai, kuma a ganina shi ne bayanin da ya fi kusa. Al'adarki ta gaba ma tana iya gaba ko baya da kusan mako guda.

Sai dai ki lura da abu ɗaya game da gwajin da kika yi. Ya nuna babu cikin da ya shiga a watan da ya gabata, amma ya yi wuri ya nuna na ranar 13, domin tsinken yana buƙatar kimanin mako uku bayan saduwa kafin a dogara da shi. Ƙwayar gaggawa ba ta kan yi aiki idan ƙwai ya riga ya fita. Ki sake gwaji ranar 4 ga watan gobe ko bayanta, ko da kin ga wani jinin a tsakani. Kuma tunda ba ku son ciki yanzu, ki koma sashen tazarar haihuwa a zaɓa miki hanya mai ɗorewa, domin ita wannan ƙwayar ta gaggawa ce, kariyarta ba ta kai ta sauran ba.

Ga sauran masu karantawa, hanyoyin tazarar haihuwa suna cikin abubuwan da suka fi kawo jinin da ake zaton al'ada ce ta yi sammako. Allurar Depo-Provera ta wata uku, da Noristerat ta wata biyu, da ashana, ko Implanon ko Jadelle mai shekara biyar, duk suna kawo ɗigo ba a kan lokaci ba, musamman a watannin farko. Mai shan ƙwayar kullum idan ta manta kwana biyu ko uku jini zai iya zuwa mata. Wasu magunguna kuma suna rage ƙarfin ƙwayar har jini ya ɓalle, irin su rifamfisin na tarin fuka da kabamazefin na farfaɗiya, yayin da masu tsinka jini irin su wafarin suke ƙara yawan zubarsa.

Abin da bai kamata ya shige mana ba a labarinki, Hajiya, shi ne gudaji da gajiya, domin waɗannan sun riga Postinor-2 zuwa. Al'ada mai yawa da take matsowa kusa da juna tana ƙarar da jinin mace a hankali ba ta sani ba. Abu na farko da zan nema shi ne ƙari a mahaifa, wanda ake kira fayibroyid. Ya fi yawa a mata baƙar fata, ya fi bayyana a shekarun talatin da arba'in, ba sankara ba ne, kuma wanda ya tsiro ta cikin ramin mahaifa ya fi kawo zubar jini ko da ƙarami ne. Akwai kuma ɗan tsiro mai laushi da yake fitowa a shimfiɗar mahaifa ko a bakinta, shi ma yana ɗigar da jini tsakanin al'ada da al'ada. Hoton ciki yana nuna yawancin waɗannan.

Na biyu shi ne halittar nan ta gaban wuya da ake kira tayirod, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Tana iya yin rauni ko ta yi aiki fiye da kima ba tare da wuya ya kumbura ba. Idan ta yi rauni mace takan ji kasala, da jin sanyi, da ƙiba, da bushewar fata, al'ada kuma ta yi yawa ko ta rikice. Idan ta zarce kima sai bugun zuciya, da rama, da rawar hannu, da gumi. Gwajin jini guda ɗaya, TSH, shi ake fara yi.

Maganar sanyi kuwa, ban ce babu shi ba. Ƙwayoyin cutar da ake ɗauka ta saduwa, irin su kilamidiya da gonoriya, suna sa bakin mahaifa ya kumbura ya riƙa fitar da jini, sau da yawa tare da ruwa mai wari, ko ciwon mara, ko zafi lokacin saduwa. Amma kalmar "sanyi" ta zama buhun da ake zuba kowace matsalar mace a ciki, kuma abin yana damuna, domin na sha ganin matan da suka shafe watanni suna shan maganin kashe ƙwayoyin cuta alhali abin da yake damunsu daban ne. Idan ma cutar ce, sai an yi wa miji da mata magani tare, har da abokiyar zama in akwai, in ba haka ba ta dawo. Haka nan kayan matsi da wasu mata suke sawa suna iya ƙona fatar wurin har ta yi jini, kuma yana da kyau mace ta faɗa wa likita idan tana amfani da su.

Tunda za ki je asibiti, ki nemi a duba bakin mahaifarki idan ba a taɓa yi ba. Sankarar bakin mahaifa takan fara ne da jini bayan saduwa ko tsakanin al'ada, ƙwayar cutar HPV ce take haddasa ta, kuma gwajin yana gano sauyin tun shekaru kafin ya zama sankara. Ba na zaton ita ce a wurinki, amma shekarunki sun kai na gwajin. Idan kina da 'ya mace mai shekara 9 zuwa 14, Najeriya ta shigar da rigakafin HPV cikin rigakafin yau da kullum tun watan Oktoba na 2023. Wadda kuma al'adarta ta ɗauke wata 12 cur sannan ta ga jini, ko ɗigo ɗaya ne, wannan ba al'ada ba ce ta dawo, ta je a duba ta.

Ki tafi cikin makon nan, da ranakun da kika rubuta. Amma idan jinin ya ƙaru har kina jiƙa audugar mata guda a kowace awa, awa biyu a jere, ko alamomin da Uwar Biyu ta ambata suka bayyana, a kai ki sashen gaggawa nan take.

Malama Ummu Khadija ta amsa:

Allah Ya saka wa Sista da Likita. Na san Maman Sadiq ba ta tambaya ba, amma duk macen da wannan ya same ta tunanin salla yana ranta. A mashahurin zance na mazhabar Malikiyya, mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu kwana 15 ne. Ke kuwa daga ranar 9 zuwa 19 kwana 11 kika samu, don haka jinin ranar 20 ba sabuwar haila ba ce, ana haɗa kwanakinsa ne da na farko. Mai al'adar kwana shida tana ƙara kwana uku, su zama tara. Abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, wato istihala, sai ki yi wanka ki ci gaba da salla. Akwai saɓani a wasu mazhabobin, kuma zai fi kyau ki kai wa malamarku ta Islamiyya ranakun nan ku zauna a kansu, musamman idan ya sake maimaituwa a wata mai zuwa.

Maman Sadiq ta dawo da bayani:

Assalamu alaikum. Na ga ya dace na dawo na sanar da ku yadda ake ciki. Jinin ya ɗauke da kansa a rana ta huɗu, na kuma bi bayanin Malama. Na je asibiti ranar Litinin, aka auna jinina aka ce ya yi ƙasa, ma'aunin PCV ya nuna 30, an ba ni ƙwayar ƙarin jini ta wata uku. Hoton ciki ya nuna ƙari guda ɗaya ƙarami a jikin bangon mahaifa, likitar ta ce ba ya buƙatar tiyata, za a sake dubawa bayan wata shida. An duba bakin mahaifa, babu komai, alhamdu lillahi. Sakamakon TSH bai fito ba, sai mako mai zuwa, kuma zan sake gwajin ciki ranar 4 kamar yadda Likita ya ce.

Sista, saura tambaya ɗaya. A sashen tazarar haihuwa an ba ni zaɓi tsakanin a mayar mini da ashana ko a sa mini robar mahaifa mai jan ƙarfe, amma wata ma'aikaciya ta ce robar tana ƙara yawan jinin al'ada. Ga mai ƙari da ƙarancin jini irina, wacce kike ganin ta fi dacewa na tattauna da likitar a kanta?